Gorar "wankin hanta" da takardar analiz

Na san wasu sun rufe shago, wasu sun ajiye kabu-kabu a bakin hanya, shi ya sa ba zan ja ku da nisa ba. Tun farko in faɗa muku, ni ba likita ba ne. Abin da zan faɗa na koye shi wuri biyu: cikin rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, da kuma kan bencin asibiti inda na yi jinyar yayana sati bakwai.

Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, yana da shekara 33 lokacin da ya je ba da jini don wata maƙwabciyarmu da ta haihu. Aka gwada jinin, aka kira shi gefe aka ce ba za a iya amfani da shi ba, yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B, ya je ya ga likita a yi masa sauran analiz. Mutum ne ƙaƙƙarfa, ko ciwon kai bai cika yi ba. Ya dawo gida bai gaya wa kowa ba, har matarsa. Wani abokin kasuwancinsa kaɗai ya faɗa wa, shi kuma ya haɗa shi da masu sayar da kwalayen nan na ƙasashen waje, waɗanda in ka kawo mai saye ake ba ka kaso. Kwali ɗaya jikka 35, aka ce sai ya sha shida. Daga baya ya ƙara da wani jiƙo cikin gora daga hannun mai magani a tasha. Aka ce masa ya riƙa duban fitsarinsa, in ya yi ja to cutar ce ke fita. Wata goma sha huɗu yana haka. Ranar da muka sani, ƙafafunsa sun kumbura, ciki ya cika da ruwa. Likitan da ya duba hoton cikinsa ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Ina kuka tsaya?"

Allah Ya jiƙansa. Ajali ba ya wuce ranarsa, wannan mun yi imani da shi. Kuma ban ce gorar nan ce ta kashe shi ba. Ƙwayar cutar ce ta ci hantar shekara da shekaru. Abin da gora da kwalaye suka ci shi ne wata goma sha huɗu, da kuɗin da ya isa a yi dukan analiz ɗin har a sayi maganin gaskiya na dogon lokaci.

To bari mu fara da ita kanta hantar. Tana nan ƙarƙashin haƙarƙarin dama, nauyinta wajen kilo ɗaya da rabi. Duk abin da ka haɗiye, tuwo ne, ƙwaya ce, jiƙo ne, in ya bar hanji ya shiga jini, wurinta yake fara biyawa. Ita ke tace guba, ita ke haɗa ruwan matsarmama, ita ke yin sinadaran da ke sa jini ya daskare in ka yanke. Ke nan ita ce mai wankin. Wanda ya ce zai sayar maka da "wankin hanta" ka tambaye shi: wace dauɗa ce, mene ne sunanta, kuma da wane gwaji ake ganin ta fita? Ba za ka samu amsa ba, sai dai ya nuna maka hoton wata baƙar hanta da wata ja a salula. Halinta na biyu kuma shi ne mai ban tsoro: ba ta kuka. Tana iya lalacewa shekara ashirin kana cin abincinka kana wasan ƙwallo. "Ai ina jin daɗin jikina tun da na fara sha" ba hujja ba ce, don kafin ka fara sha ɗin ma kana jin daɗin jikinka.

Abu na gaba, mu a Hausa mun haɗa cututtuka da yawa mun sa musu suna ɗaya. Ido ya yi rawaya, sai mu ce shawara. Alhali shawara alama ce, kamar zazzaɓi. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani na kawo ta, sikila na kawo ta, dutse a matsarmama na kawo ta. Ciwon hanta nau'in A da nau'in E, waɗanda ake ɗauka ta ruwa da abinci marasa tsabta, suna kawo ta. Kun tuna 2017 a Diffa, nau'in E ya ɓarke, kuma mata masu ciki ne suka fi mutuwa. Amma ga mafi yawan mutane, A da E suna warkewa da kansu cikin ƴan makonni. Har nau'in B, in babban mutum ne ya kamu sabo, fiye da 9 cikin 10 jikinsu na korar ta ba tare da an ba su komai ba.

Kun ga inda mai gora ke samun shaidu? Mutum goma sun zo da rawayan ido, ya ba su jiƙo, tara sun warke. Da ruwan randa suka sha ma da sun warke. Su taran nan za su yi ta ba da labari a fada da gidan biki, kuma ba ƙarya suke ba, abin da suka gani suke faɗa. Na goman, wanda tasa ta zauna, ba ya nan balle a ji ta bakinsa.

Wadda ta zauna ita ce matsalarmu. Rahoton OMS na 2024 ya ce a 2022 mutum miliyan 254 ke ɗauke da nau'in B a duniya, miliyan 50 kuma nau'in C, kuma su biyun sun kashe mutum miliyan 1.3 a shekarar nan kaɗai. Wajen miliyan 65 na masu nau'in B a Afirka suke. Yawancinmu ba da girma muka ɗauka ba: wajen haihuwa ne ko a ƙuruciya, kuma jaririn da ya kamu, kusan 9 cikin 10 tana zama a jikinsa har tsufa. Ku riƙe wannan, saboda masu yi wa mai ciwon hanta kallon mazinaci.

Yanzu tambayar da ta tara mu: shin ganye da saiwa da kwalayen ƙarin kuzari suna warkar da wannan, ko suna kare shi? Ba raina itatuwa na zo yi ba. Kinin daga ɓawon itace aka samo shi. Maganin zazzaɓin da ake ba mu yau a CSI tushensa wani ganye ne na ƙasar Sin, kuma matar da ta ciro sinadarin, Tu Youyou, ta samu kyautar Nobel a 2015. Amma ganyen nan bai zama magani don an yi ta yabonsa ba. An gwada shi ne, an san awonsa, an san illarsa. To an yi wa magungunan hanta irin wannan gwaji? An yi, kuma ga abin da ya fito.

Wanda ya fi suna a duniya shi ne silimarin, ana ciro shi daga irin wata ƙaya ta ƙasashen Turai. In kun juya bayan kwalayen "kariyar hanta", sau da yawa shi za ku gani. A 2012 aka buga sakamakon wani gwaji a Amurka: mutum 154 masu nau'in C, aka raba su, wasu aka ba su silimarin mai yawa fiye da awon da ake sayarwa, wasu aka ba su ƙwayar da babu komai a cikinta, ba mai sanin wacce yake sha, har sati 24. Da aka auna ALAT, wato ma'aunin da ke tashi a jini in hanta na cin wuya, babu bambanci. Yawan ƙwayar cutar ma bai sauka ba.

Labari na biyu ya fi ba ni sha'awa. Akwai wani ɗan haki mai suna Phyllanthus, dangin wanda mu ke kira geron tsuntsaye. A 1988 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani bincike daga Indiya: an ba masu nau'in B garinsa kwana 30, sai alamar cutar ta ɓace a jinin 22 cikin 37, alhali a ɗaya rukunin mutum 1 ne kawai cikin 23. Kuma cikin masu binciken har da Baruch Blumberg, mutumin da ya gano ƙwayar nau'in B da kansa, ya ci Nobel a 1976, wanda saboda ranar haihuwarsa ne aka sa 28 ga Yuli ta zama ranar ciwon hanta ta duniya. Kun ga ba a ce masana sun ƙi ganye ba. Murna aka yi. Sai aka sake gwajin a Tailan, aka sake a Niyu Zilan da wasu wurare, abin bai maimaitu ba. Da aka tattara gwaje-gwajen a 2011, aka ce babu gamsasshiyar hujja. Babban masani kamar wannan ma sai da aka sake auna maganarsa. Mai lasifika a tasha fa, wa ya auna tasa?

Namu na gida kuma, rawaya da geza da sabara da marke, za ku ji ɗan boko ya ce "ai an yi bincike a jami'a". Ku tambaye shi a kan wa. Galibi a kan ɓeraye ne: a ba ɓera guba, a ba shi ruwan ganye, a auna jininsa. Wannan mafarin bincike ne, kuma ina son a ci gaba da shi, a ba jami'o'inmu kuɗi su yi. Amma ɓeran da aka ba guba jiya daban, ɗan Adam da ƙwayar cuta ta zauna cikin hantarsa shekara 25 daban. A Mali, sashen maganin gargajiya na gwamnati a Bamako na haɗa wani shayi daga geza, amma don rashin narkewar abinci da taurin ciki suke ba da shi. Ba su ce yana kashe ƙwayar B ba. Wannan shi ne mutunci a sana'a: ka faɗi iyakar abinka.

Sai wani ya ce, "To ko bai yi amfani ba, ai ganye ne, ba ya cutarwa." Wallahi nan ne kuskuren ya fi girma. Tunfafiya ma ganye ce, zaƙami ma ganye ne. A Amurka akwai cibiyoyin da ke tattara bayanan mutanen da magani ya lalata wa hanta, kuma sun gano wajen kashi 20 cikin 100 daga ganyayyaki da ƙwayoyin ƙarin kuzari ne, na rage ƙiba da na gina jiki a sahun gaba. Ƴan uwana masu ɗaga ƙarfe, da ku ƴan mata masu shayin rage tumbi da maganin ƙarin ƙugu, da ku nake.

Abin mamaki, wasu abubuwan da muka sani ne a kicin. Kurkur a miya lafiya lau. Amma in aka tattara sinadarinsa cikin ƙwaya, aka haɗa da na masoro don ya fi shiga jini, sai ya zama wani abu: a 2019 Italiya ta samu mutum sama da 20 da hantarsu ta kumbura saboda irin waɗannan ƙwayoyi. Ganyen shayin nan da mu ke dafawa a fada, hukumar kula da abinci ta Turai ta ce a 2018 shan shi yadda aka saba ba matsala, amma ƙwayoyin da aka tattara sinadarinsa, daga miligiram 800 a rana, suna tayar da ma'aunin hanta. A Indiya lokacin korona mutane suka rungumi wani ganye mai suna giloy don "ƙarfafa garkuwar jiki", likitoci suka fara ganin masu shawara sanadinsa. A can Indiyar kuma an gano ƴaƴan rai-ɗore, shi dai wannan da ke fitowa a bayan gidajenmu da damina, suna lalata hanta da ƙwaƙwalwar yaran da suka ci su da yawa.

Waɗannan an san sunansu ke nan. Gorar tasha fa? Ba suna, ba awo, ba ranar lalacewa. Yau ya tafasa saiwa uku, gobe biyar. Mai lafiyayyar hanta zai iya sha ya tsira. Wanda tasa ta riga ta raunana, kamar jakin da ya gaji ne aka ƙara masa buhu. Kuma kada mu wanke na bature: parasetamol ɗin da ake saye kan tebur a sha kamar gyaɗa, babban mutum in ya wuce giram 4 a rana, wato ƙwaya 8 na 500, yana iya ƙona hanta, kuma yana ɓoye cikin magungunan mura da na ciwon jiki da yawa, sai mutum ya ninka bai sani ba.

To mene ne ke aiki? Allurar rigakafin nau'in B tana nan tun 1982. A ƙasarmu ta shiga allurar yara ta Penta a 2008, wadda ake yi a sati 6 da 10 da 14. Ku yi lissafi: duk wanda aka haifa kafin 2008, wato kusan duk wanda ke zaune nan, wannan tsari bai same shi ba. Ka yi gwajin AgHBs. In babu, ka yi allura uku, ka huta. In akwai, ba hukuncin kisa ba ne. Likita zai duba ALAT, ya duba yawan ƙwayar a jini, ya yi hoton ciki. Ba kowa ake ɗora wa magani nan take ba, wani sa ido kawai ake yi. Wanda ya cancanta, akwai tenofobir ko entekabir, ƙwaya ɗaya a rana. Gaskiyar da masu kwali ke amfani da ita a kanmu ita ce, waɗannan ba sa fitar da cutar kwata-kwata, danne ta suke, kuma sau da yawa shan na tsawon rai ne. Sai mai kwali ya ce, "Ka ji ko? Su da bakinsu sun ce ba su da magani, ni kuwa wata uku." Mutum mai tsoro zai bi wata uku. Amma dannewar nan ita ke hana hanta ƙanƙancewa, ita ke rage haɗarin kansa, kuma an auna hakan a kan dubban mutane. In ka fara kuma, kada wani ya sa ka daina don ka koma jiƙo. Dainawa kwatsam na iya tayar da cutar da ƙarfi.

Nau'in C kuwa yanzu ana warkewa sarai, cikin sati 12 galibi, fiye da 95 cikin 100. Masar ta fi kowace ƙasa fama da shi a da. Daga 2018 suka gwada mutum sama da miliyan 50, suka haɗa maganin a masana'antunsu da araha, har a 2023 OMS ta ba su shaidar da ba ta taɓa ba wata ƙasa ba a kan hanyar kawar da shi. Masar na da masu sayar da ganye a kowace kasuwa. Ba da su aka yi wannan aiki ba.

Akwai kuma wata kariya da ba a sayarwa a kwali, kuma ta shafe mu mu mutanen ƙasar gyaɗa. Gyaɗa da masara in ba su bushe sosai ba, ko aka ajiye su wuri mai laima, wani fumfuna na fitowa ya bar guba mai suna afalatoksin. An gano ta bayan 1960, lokacin da talo-talo wajen 100,000 suka mutu a Ingila saboda abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa. A Kenya a 2004 ta kashe mutum 125 ta hanyar masara. Kaɗan-kaɗan kuma, shekara da shekaru, tana kawo kansar hanta, kuma in ta haɗu da nau'in B haɗarin na ninkuwa sau da yawa. Suya ba ta kashe ta duka. Mu kuma me muka saba? A tsince mai kyau a kai kasuwa, ƙwailar da mai baƙi-baƙi a bar wa gida, ko a yi ƙuli-ƙuli. Gyaɗar da ka tauna ka ji ɗaci, tofar da ita. Wannan ya fi maka kwali shida. Haka rage sukari: shayi zagaye uku kowanne da sukari kamar za a yi alewa, ga lemun kwalba, ga zama, kitse na taruwa a hanta ko ba ka taɓa shan giya ba, kuma maganinsa na farko shi ne rage nauyi da motsa jiki. Wanzami da mai yankan farce, kowa ya je da rezarsa, ko a ɓare sabuwa a gabansa.

Mu a matsayinmu na ƙungiya, ba wa'azi ga matasa kaɗai ne aikinmu ba. Mutum ba ya zuwa wurin mai gora don wauta. Yana zuwa ne don mai gora na sauraronsa, yana karɓar biya kaɗan-kaɗan, kuma ba ya tura shi gari mai nisa yin analiz. Muddin gwajin yawan ƙwayar cuta ya fi ƙarfin aljihun talaka, mai gora zai ci kasuwa. Saboda haka muna neman a sauƙaƙa kuɗin gwaji da na magani, a kai su manyan asibitocin jihohi. Muna neman a gwada duk mai ciki a wurin awo, don akwai maganin da ake ba ta a watannin ƙarshe ya kare jaririn. Muna neman duk jaririn da aka haifa, a matanite ko a gida, ya samu allurar farko cikin awa 24. Rahoton nan na OMS ya ce kashi 18 cikin 100 ne kawai na jariran Afirka ke samun ta. Kuma muna tambayar gidajen rediyo da masu shafuka a Facebook da TikTok: wanda ya biya ku ya ce yana warkar da ciwon hanta da sikila da ciwon sukari da gora ɗaya, kun nemi takardar izininsa kafin ku buɗe masa makirfo? Masu maganin gargajiya na gaskiya, waɗanda suka gada, ba abokan gabarmu ba ne. Na san wani dattijo a unguwarmu da in ya ga ido ya yi rawaya ciki ya fara tashi, cewa yake, "Ɗana, wannan ba nawa ba ne, tafi likita." Irinsa mu ke so a zauna da su.

Bayan sadakar bakwai ta yayana, mu huɗu da muka rage muka je gwaji tare da mahaifiyarmu. Biyu cikinmu na ɗauke da ita. Ni ne ɗaya. Tsohuwa ta yi kuka ta ce ita ta ba mu, muka ce Inna, ke ma ba ki sani ba, kuma lokacin da kika haife mu ba wanda ya gwada ki. Yau shekara biyu ke nan, duk wata shida ina zuwa a ɗebi jini a yi hoton ciki. Matar yayana ba ta da ita, ta yi allurarta uku; yaransa biyu karnensu ya nuna sun samu Penta, an gwada su lafiya lau. Kofin da na sha shayi da shi ɗazu, wanda ya sha bayana kada ya damu: ba a ɗaukarta ta kofi, ko kwano ɗaya, ko gaisawa, ko zufa.

Ga takarda nan tana zagayawa. Wanda ke son yin gwaji amma yana tsoron zuwa shi kaɗai ya rubuta lambarsa kawai, ba sai ya sa suna ba. Ranar Litinin da ƙarfe takwas za mu haɗu a nan mu tafi tare, kuma sakamakon kowa a hannunsa za a ba shi. Wanda kuma yake shan wani kwali ko jiƙo yanzu, ya zo da shi a leda, likita na bukatar ganin abin da ke ciki.